Waken Abba Mai Mazarƙwaila

Shekarar da Umma ta tafi makarantar lauyoyi ta Bwari ina da shekara goma sha uku, ni ce babba a cikin 'ya'ya uku, dukanmu mata. Ta gama jami'a tun kafin a haifi autarmu, amma goyo da hidimar gida suka sa ta yi ta ɗaga tafiyar, bana a ce sai baɗi, baɗi a ce sai wata shekarar. Da lokacin ya yi sai ta cika akwati da baƙaƙen siket da fararen riguna, ta koma ɗakin kwanan ɗalibai kamar 'yar sakandare. Gidanmu a Dutse ta Abuja yake, tafiyar ba ta da wani nisa, amma karatun ba ya barin ta ta leƙo mu sai jefi-jefi. Mu ne ke zuwa wurinta duk ranar Lahadi bayan azahar.

Abba ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, irin waɗanda ke fita da sassafe don su riga cunkoso, su dawo gab da magariba da takardu a hammata. Kuɗin makarantar Umma da littattafanta masu kauri kamar bulo sun lashe ɗan abin da suka tara. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, a tukunya muka gani. Nama ya tashi daga yanka biyu ya koma ɗaya, daga baya ya koma ƙashin da ake jefa wa miya don ƙamshi. Abin da ba ya yankewa shi ne wake, domin gwaggonmu ta aiko mana da rabin buhu daga Katsina, farare ƙanana. Girki kuwa ya dawo hannuna, ni kuma abin da na iya bai wuce uku ba: shinkafa da wake, wake da manja, sai taliya ranar da na gaji da tsintar wake.

Wata Alhamis muna zaune kan tabarma a falo, ƙanwata mai bi mini ta buɗe kwano, ta leƙa, ta mayar da murfin.

"Yaya, wake kuma?"

Na ce idan ba za ta ci ba ta miƙo mini. Sai ta fashe da kuka, wai ƙawarta kullum da hotdog, sarrafaffen naman nan mai kamar yatsa, take zuwa makaranta, ita kuwa kunyar buɗe kwanonta take ji. Autarmu, da ba ta wuce shekara biyar ba, ba ta ma san mene ne hotdog ba, ita ma ta taya ta.

Na zaci Abba faɗa zai yi, don ba ya son a raina abinci. Sai na ga ya ajiye cokali yana murmushi.

"Waken ne kuka raina? To ku saurara. Jibi Asabar ni zan yi girki. Zan dafa muku waken da ba ku taɓa ci ba, kuma da hotdog a ciki."

Kukan ya tsaya cak. Muka kalli juna. Tun da nake ban taɓa ganin Abba da ludayi a hannu ba. Iyakarsa da kicin ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko ruwan shayi ya tafasa. Nan ya ba mu labarin cewa kafin ya yi aure an tura shi kwas na 'yan watanni a Ingila, kuma abin da ya rayu a kansa ke nan: waken gwangwani mai romon tumatir, ya yayyanka hotdog a ciki, ya ɗumama, ya ci da burodi. Ya ce shi ne abinci mafi arha a can, kuma har yau yakan tuna ɗanɗanonsa.

"Mamana," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ke ce mataimakiyata. Gobe bayan masallaci zan biyo in ɗauke ku, mu je cefane."

Ranar Juma'ar nan ban san me aka koyar a aji ba. Da ya zo muka ɗuru a mota, ƙanwata tana ta waƙar da ta ƙirƙira da kanta, ba komai a cikinta sai kalmar hotdog. Muka nufi wani babban kanti a Kubwa, irin wanda sanyi ke dukan mutum tun daga ƙofa. Abba ya wuce gaba kamar wanda ya san wurin, ya tsaya gaban jerin gwangwanaye, ya ɗauko ɗaya ya ɗaga mana.

"Ga mutumina nan!"

Ya juya shi, ya ga farashin da aka liƙa a gindinsa, ya ɗaga gira. Ya ciro tabarau ya sake dubawa. Sannan ya mayar da shi a hankali kamar wanda ya ɗauki ƙwai a gidan mutane.

"Ikon Allah. Wannan fa a can abincin wanda aljihunsa ya bushe ne. Ya hau jirgi ya zo Abuja, ya zama alhaji. Kuma mu huɗu sai mun tashi da gwangwani uku kafin mu san mun ci wani abu."

Na zaci an fasa girkin ke nan. Ƙanwata ta fara shirin kuka. Amma Abba ya sake ɗauko gwangwanin, ya juya bayansa, ya shiga karanta abin da aka haɗa a ciki yana ƙirgawa da yatsu: wake, tumatir, sukari, gishiri, ruwan tsami.

"Mamana, wanne ne ba mu da shi a gida?"

"Duk muna da su, Abba. Ban da ruwan tsamin."

"Muna da tsamiya?"

"Akwai."

"Magana ta ƙare. Namu za mu yi."

Wurin hotdog ne muka daɗe. Ya karanta ledar gaba da baya, ya kira wata ma'aikaciyar kantin ya tambaye ta sau biyu ko babu alade a ciki. Ta nuna masa inda aka rubuta kaza ce zalla, ya karanta da idonsa, sannan ya ɗauki leda ɗaya mai guda goma. Auta ta ce ita za ta riƙe. Ta rungume ta a ƙirji har mota, sanyin ƙanƙara yana ratsa rigarta, ta ƙi bai wa kowa.

Mun zaci gida za mu, sai muka ga ya karkata hanyar Ushafa. A cewarsa, irin wannan waken ba dafa shi kawai ake yi ba, gasa shi ake yi a hankali cikin romonsa. Oben ɗin kukar gas ɗinmu kuwa, wato wurin gashinta, ya daɗe da zama ma'ajiyar tukwane, kuma ko da yana aiki, ba wanda zai ƙona gas na awa biyu a kan wake. Ya ce mahaifiyarsa a tukunyar ƙasa take barin miya kan garwashi, mu ma haka za mu yi.

A Ushafa muka sami wata dattijuwa zaune tsakanin tukwanenta a gindin mangwaro. Abba ya yi ta ɗagawa yana ƙwanƙwasawa da yatsa, kamar ya san abin da yake saurare. Matar tana kallonsa tana dariya, daga baya ta jawo wata mai faɗin ciki ta ajiye masa.

"Oga, wannan ka ɗauka. Wannan tukunya yana riƙe zafi. Amma kar ka sa abinci yau. Ka shafa mai, ka tafasa ruwa ciki tukuna. Madam ne zai dafa?"

"Ni zan dafa," in ji Abba, yana gyara zaman hularsa.

Ta tafa hannu, ta kira wata maƙwabciyarta da yarensu, suka zo suna kallonsa suna dariya. Har ta ƙara wa Auta wata 'yar mitsitsiyar tukunya kyauta.

Muna hanyar dawowa, daidai kasuwar Dutse, Abba ya taka birki har muka hantsila gaba. Wani mutum ne ya hango da faranti a ka, an jera mazarƙwaila, ja-ja-baƙi, irin wadda ake kawowa daga ƙasar Zazzau. Ya saya curi biyu. Ya ce wannan ta fi farin sukari, ita za ta ba waken launi. Da yammar nan muka tsince wake mudu guda, mu uku, ba wanda ya yi ƙorafi. Muka jiƙa shi, muka shafe tukunya da mai, muka tafasa ruwa a ciki kamar yadda aka ce.

Asabar da hantsi Abba ya fito tsakar gida da tsohuwar jallabiya, ya naɗe hannuwa, ya ɗaura tawul a ƙugu. Ya ce in ɗora waken, amma kada in sa kanwa, kuma kada in bari ya fashe. Ya jera tumatir da tattasai da albasa a bokiti. Na ɗauko attaruhu zan ƙara, ya tare hannuna.

"A'a. Ba a sa masa yaji."

"Abba, ko guda ɗaya? Ga zaƙi, ga tsami, ba yaji? Zai yi lami fa."

"Mamana, ke kika je Ingila ko ni?"

Na janye hannuna. Da yake babu wutar lantarki, sai ya aike mu markaɗe ni da ƙanwata. Muna fita ƙofar gida na zaro attaruhu biyu da na ɓoye cikin hijabina, na cusa su ƙarƙashin tumatir. Ƙanwata ta zaro ido.

"Yaya! Sai na faɗa."

"In kin faɗa, ranar Litinin wake da manja za ki kai makaranta."

Ta kama bokitin muka wuce.

Da muka dawo wake ya yi laushi, kowace ƙwaya a tsaye. Abba ya soya albasa, ya juye markaɗen, ya ƙara tumatirin leda ɗaya. Ya daka mazarƙwaila a turmi, ya zuba rabi, ya ɗanɗana, ya zuba sauran. Ni na tace ruwan tsamiya na miƙa masa, yana zubawa kaɗan-kaɗan yana lasar bayan cokali da fuskar mai gwada magani. Sai aka zo kan hotdog. Ya wasa wuƙa, ya shiga yanka su sirara-sirara kamar kwabo, har guda goman nan suka cika faranti suka yi tozo.

"Kun ga dabarar? Kowane cokali sai ya ɗauko nasa."

Ya ɗan soya su sama-sama. Da ƙamshin ya tashi Auta ta fara tsalle a wuri ɗaya, hannuwanta a dunƙule. Ya ba kowa yanki ɗaya a tafin hannu. Ƙanwata ta daɗe tana tsotsar nata kafin ta tauna.

Aka haɗa komai a tukunyar ƙasa, aka ɗora kan murhun gawayi da wuta ƙasa-ƙasa. Ya rufe bakin da wani tsohon farantin ƙarfe, ya ɗebo garwashi ya zuba a saman farantin, wai don zafi ya zo ta sama da ƙasa. Ya duba agogo ya ce awa biyu, kuma duk wadda ta buɗe ba za ta ci ba.

Ban taɓa ganin awa biyu masu tsawo irin waɗannan ba. Muka yi shara ba a sa mu ba. Muka wanke kwanuka. Muka dawo muka tsuguna kewaye da murhu muna sauraren tukunya tana ɓutuk-ɓutuk a hankali. Ƙamshin da ke fita ba na miya ba ne, ba na alewa ba, wani abu ne a tsakani, ga hayaƙin gawayi ya gauraya da shi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko Hajiya ce ta dawo. Auta ta amsa da iya ƙarfinta:

"Abbanmu ne yake dafa abincin Turawa!"

Shi kansa Abba ya kasa zama. Ya ɗauki jarida ya ajiye, ya zo ya gyara garwashi, ya koma, ya sake zuwa. Bayan sallar azahar ya ce lokaci ya yi. Ya kwashe garwashin saman, ya naɗe hannu da tawul, ya yi bismillah ya ɗaga farantin.

Tururi ya turnuƙe, da ya washe muka leƙa. Romon ya yi kauri, ya koma ja mai duhu yana sheƙi, gefen tukunyar ya ɗan kama, yankakken hotdog ya taso sama ko'ina. Muka sa ihu gaba ɗaya. Abba ya tsaya riƙe da farantin yana dariya kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka yanka burodi. Shi ya fara kai loma. Ya tauna, ya tsaya, ya lumshe ido. Ni kuwa na zuba masa ido saboda attaruhun.

"Wallahi ya fi na can daɗi," ya ce. "Akwai wani abu da ke ɗan cizon harshe daga ƙarshe. Mazarƙwailar nan ce. Na faɗa muku ta fi sukari."

Ƙanwata ta ƙware, sai da na bubbuga mata baya. Muka ci, muka ƙara, muka suɗe kwanuka da ɓawon burodi. Da na miƙa hannu karo na uku Abba ya ja layi da ludayi a tsakiyar tukunyar.

"Daga nan zuwa nan na Barista Ummanku ne. Gobe za mu kai mata. Kada wadda ta faɗa mata a waya."

Lahadi muka ɗumama shi a kan gawayi, ya ƙara kauri, ya ƙara daɗi. Abba ya ƙi a juye a kula, ya ce a tukunyarsa za a kai. Na zauna a gaba na riƙe ta a cinya, an naɗe ta da tawul biyu, duk ramin da mota ta faɗa sai mun yi salati. Hanyar Bwari da hawa da gangara, ranar ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da amarya.

Umma ta fito ta same mu a gindin bishiyar da muka saba zama kusa da wurin ajiye motoci. Ta rame, idanunta sun faɗa saboda karatu. Tare take da abokiyar ɗakinta, wata Bayarabiya mai fara'a da ta girma a Jos, tana jin Hausa sosai. Auta ba ta bari an gama gaisawa ba.

"Umma, Abba ya yi girki! Da kansa! Da tawul a ƙugu!"

Umma ta dubi tukunyar, ta dubi Abba.

"Abban yara, lafiya dai ko?"

"Barista, ci kawai, kya yanke hukunci daga baya."

Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗebo kaɗan a bakin cokali. Muka zuba mata ido mu huɗu, ba mai ko motsi.

"Wake da zaƙi?" ta ce. Ta sake ɗebowa, wannan karon cokali cike. Ta karɓi burodi daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta zauna a kan benci ta ci gaba. Sai da ta yi loma biyar ko shida sannan ta ɗago. "Wanda ya sa attaruhun nan shi ya ceci abincin. Ba don shi ba da ya gundure ni."

"Babu attaruhu a ciki," in ji Abba. "Mazarƙwaila ce."

"Shekara nawa ina girki? Attaruhu ne, kuma guda biyu."

Ƙanwata ta kasa riƙewa, ta nuna ni da yatsa tana dariya har da hawaye. Na sunkuyar da kai. Abba ya juyo ya daɗe yana kallona.

"Mamana, ashe zagon ƙasa aka yi mini a gidana?"

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Haƙurin me? Daga yau an ƙara shi cikin tsari. Amma a rubuta cewa da izinina aka sa."

Abokiyar Umma, wadda tun ɗazu take ta ci, ta ajiye cokali ta ciro littafin da take rubuta darasi, ta buɗe bayansa.

"Oga, faɗa mini daga farko. Yarana huɗu, kuma leda ɗaya kuka ce ta isa?"

Abba ya gyara tsayuwa ya shiga bayani dalla-dalla, tun daga jiƙa wake har garwashin saman faranti. Kafin ya gama wasu ɗalibai uku sun tsaya, ƙamshi ya jawo su, Umma ta ɗiba musu a murfin kwano. Ɗaya ta ce a sake maimaita mata wurin tsamiyar. Ni dai ina gefe ina kallon Umma tana dariya da baki cike, rabon da in gan ta haka tun kafin ta fara karatun.

Daga ranar waken ya zama abincinmu na Asabar har Umma ta gama. Wani lokaci mu ci da burodi, wani lokaci da dafaffiyar doya ko farar shinkafa. Satin da ba a samu sayen hotdog ba, Abba ya soya ƙwai biyu ya yayyanka a kai. Ƙanwata takan ajiye nata kason ta kai makaranta ran Litinin, ta dawo tana ba mu labarin waɗanda suka roƙe ta ɗanɗano.

Bayan Umma ta ci jarrabawarta ta dawo gida, wata Asabar ta ce yau kowa ya huta, ita za ta yi. Ta hana Abba ko leƙowa. Ta sa 'yar kanwa don ya yi saurin nuna, ta rage mazarƙwaila, ta ɗora a gas don ba ta da lokacin jiran gawayi. Da aka zuba, waken ya dame ya zama fate, launinsa ya yi wani iri. Muka yi ta ci a hankali, ba mai ɗaga kai. Auta ce ta fasa ƙwan.

"Umma, wannan ba irin na Abba ba ne."

Abba ya yi gyaran murya, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska abin ya gagara.

"Barista, in kina so, Asabar mai zuwa sai ki zauna kusa ki ga yadda ake yi. Ba na karɓar kuɗin koyarwa."

Umma ta ture kwanonta gabansa tana harararsa, dariya na neman ƙwace mata.

"Riƙe kayanka. Ni na ɗauki sauran kwana shidan, Asabar taka ce har abada."